Jan Ruwan Da Na Shayar Da Alhaji A Guangzhou

Tun da na daina zuwa China mutane ba su daina tambayata yadda garin yake ba. A majalisarmu ta bakin shagon Garba tela, da an ji wani ya sami biza sai a ce masa, "Je ka ga Sabi'u, shi ya san Guangzhou." Ni kuma sai in gyara zama in ba su labarin da ke sa dariya, yadda ake cin shinkafa da tsinke biyu, da yadda na ga ana sayar da kwaɗi a bokiti kamar tumatir. Shekara uku ke nan ina ba da irin wannan. Akwai wanda ban taɓa bayarwa ba, shi ne labarin tafiyata ta ƙarshe. Karatuna bai yi nisa ba, a aji uku na sakandare na tsaya, saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutun ya yi haƙuri.

Alhaji Idi shi ne maigidana a kasuwar Kwari ta Kano. Ina ɗan shekara goma sha biyar ya ɗauke ni a shagonsa, shi ya yi mini aure, shi ya raɗa wa ɗana na fari suna. Mahaddaci ne, kuma fiye da shekara ashirin shi ke jan salla a ƙaramin masallacin layinmu. Ba wanda ya naɗa shi, karatunsa ne ya sa in yana wuri ba mai shiga gaba. Sau biyu yana aikena Guangzhou sayo kaya. A karo na uku sai ya ce tare za mu, domin wasu riguna sun zo launinsu na zuba, yana so ya kalli mai masaƙar ido da ido. A lokacin ya kusa shekara saba'in.

Ranar da za mu tashi, Hajiya matarsa ta kira ni tsakar gida. Ta nuna mini wata jaka da ta cika da kilishi da dambun nama da yaji da dabino da goro.

Ta ce, "Sabi'u, ga amana nan. Mutumin nan tun da nake da shi bai taɓa sa abin da bai sani ba a bakinsa. In wannan ya ƙare, kai ne ka san gari."

Na ce, "Hajiya, kada ki damu. Kamar tafin hannuna na san shi."

Daga Kano muka sauka Legas, daga nan Addis Ababa, inda muka yi zaman jira har ƙafar Alhaji ta kumbura ya cire takalmi. A jirgi duk abincin da aka kawo sai ya buɗe, ya duba, ya rufe, ya ciro dabino uku. Abin da ya fi damunsa shi ne lokacin salla. Agogonsa na cewa azahar, taga na cewa dare ya yi. Ya ce mini, "Wannan tafiya, mutum yana zaune rana ta gudu ta bar shi."

A filin jirgin Guangzhou wata ma'aikaciya mai ƙyalle a hanci ta ɗora masa wani abu kamar ƙaramar bindiga a goshi don auna zafin jiki. Bai motsa ba, ya dai ce a hankali, "Sabi'u, mun yi wani laifi ne?" Muka wuce wannan, sai wani ɗan kare ya zo ya zauna a gindin jakar Hajiya ya ƙi tashi. Aka buɗe. Suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu, ko busasshe ko ɗanye, doka ce. Muna kallo aka kwashe kilishi da dambu aka zuba a wata babbar leda. Da aka zo kan goro jami'in ya yi ta juya shi, Alhaji ya ɓare ɗaya ya ci, ya miƙa masa ɓari. Mutumin ya ɗan gutsura, fuskarsa ta yamutse, ya yi mana hannu mu tafi da abinmu.

A cikin tasi Alhaji ya ɗora jakar a kan cinyarsa, babu nauyi. Can ya ce, "To, Sabi'u, daga yau kai ne bakina. Abin da ka ce in ci shi zan ci, abin da ka ce in bari na bari."

Masaukinmu wani ƙaramin otal ne a unguwar Sanyuanli, hawa na huɗu. Ɗakin bai fi rabin shagonmu ba, kuma komai a cikinsa damshi yake, ko riga ka shanya kwana biyu ba ta bushewa. Amma da ka fito baranda Hausa za ka ji ta ko'ina, ta Kano da ta Maraɗi da ta Kumasi. Maƙwabcinmu wani ɗan kasuwa ne daga Maraɗi, Isuhu, mai sayen takalman roba, mutum mai barkwanci. Da ya ga Alhaji sai ya ce, "Baba Elhaji, ku Kanawa kun gama da kasuwar duniya, yanzu kun biyo mu har nan? Ku bar muna ko silifa mu samu na hura." Alhaji ya ce, "Ai mun zo duba ku ne, an ce kun ɓata."

A ƙarshen barandar akwai wani fili da ake shimfiɗa kwalaye da darduma a yi jam'i, mutum goma ko sha biyu. Asubar farko suka ce baƙo dattijo ya shiga gaba. Da aka idar Isuhu ya juyo yana share ido da hannun riga ya ce, "Shi ke nan, mun yi liman. Ni dama na gaji da jin muryata." Tun daga ranar Alhaji ke ja mana salla.

A nan kuma muka haɗu da Malam Nafi'u, ɗan Gusau mai karatun likita a wata jami'a ta garin, magidanci ne da ya baro iyali a gida. Yakan zo ranar da ba shi da aji ya yi wa 'yan kasuwa tafinta. Da ya ji an karɓe mana guzuri sai ya yanki kwalin magani, ya yi rubutu da harshen mutanen China a bayansa, ya ba ni.

Ya ce, "Abin da na rubuta shi ne: mu Musulmi ne, ba ma cin alade, ba ma cin abin da aka dafa da kitsensa, ba ma shan giya ko kaɗan. Duk inda kuka zauna, kafin a kawo ko ruwa ne, ka nuna musu. Suna girmama rubutu. In ka nuna ba za su cuce ka ba."

Na sa katin a aljihun gaba na riga.

Kwanakin farko lafiya lau. Na kai Alhaji wani ɗan shagon taliya mai koren allo a ƙofa, na Musulmin China masu fararen huluna. Da mai shagon ya yi masa sallama da Larabci, Alhaji ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, yana ta cewa, "Ikon Allah. Har nan." Ya tsaya yana kallon yadda ake jan ƙullu da hannu ana ninkawa har ya zama zare. Tsinken cin abinci kuwa ya gwada sau ɗaya, taliya ta zame ta faɗa masa a aljihu, ya ajiye ya wanke hannu ya ci abinsa irin na gida. Ya barbaɗa yajin Hajiya ya ce ai wannan da ɗan wake suka yi da sun gama da mu.

Da sassafe mukan tafi kasuwar tufafi ta Shahe, inda masu turin kaya ba sa cewa gafara, sai dai ka ji baro a agararka. Wani lokaci mu wuce kasuwar Baima mai benaye mu yi ta hawa da sauka. Kalma biyu Alhaji ya koya, "lawban" wato maigida, da "meyo" wato babu. Ya ce da waɗannan biyun ma mutum zai iya zama a Kwari. Kafin azahar ya gaji, mu koma masauki, ya yi salla ya kwanta sai la'asar ta yi nisa.

To a nan laifina yake, kuma tun tafiyata ta biyu ya fara.

Kusa da tashar jirgin ƙasa akwai wani dogon otal, a hawa na ashirin da wani abu akwai gidan abinci, gefensa kuma mashaya. Ba wanda ya ja ni, ba zan ɗora wa kowa ba. Ruwan sama ne ya kore ni ciki wata rana, na hau don in ga gari daga sama. Wurin sanyi, kujeru masu laushi, kiɗa a hankali, ga kwalabe jere a bango fitila na haska su. Abin da ya kama ni ba kwalaben ba ne. A gida shekarata talatin da huɗu, da 'ya'ya uku, amma sunana yaron Alhaji. A can kuwa da na shigo sai wata ma'aikaciya mai wushirya ta ɗan rusuna ta ce "lawban", ta ja mini kujera. Na nuna hoton wani jan abin sha a takardarsu. Na san abin da ke ciki, ba zan ce ban sani ba. Giya ce ake haɗawa da ruwan wani ɗan itace nasu mai zaƙi, a zuba ƙanƙara a dogon kofi, a kafa 'yar lema ta takarda a kai. Ba ta wari, ba ta ɗaci, sai ɗan ɗumi da ke bin maƙogwaro.

A wannan tafiya ta uku sau uku ina barin Alhaji yana barci in ce masa na tafi wajen masu loda kaya. In hau can in sha kofi biyu, in tauna goro da kanumfari a hanya, in dawo in shiga sahu a bayansa. Katin Malam Nafi'u na aljihuna duk lokacin.

Ranar da muka gama magana da mai masaƙar, wani mai suna Mista Lin, ya amsa laifin launin ya ce zai gyara. Don ya wanke kansa sai ya ce lallai zai kai dattijo cin abinci. Su da wuri suke cin na yamma, tun ƙarfe biyar. Malam Nafi'u na da jarrabawa bai sami zuwa ba, amma ya buga wa Mista Lin waya ya gaya masa abin da ba ma ci. Da motar Mista Lin ta tsaya na ɗaga kai na ga dogon otal ɗin nan ne. Na ce a raina ai ɓangaren abinci daban, mashaya daban.

Mista Lin ya yi mana mutunci, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Kifi ya sa aka kawo, an nuna mana shi da ransa a raga kafin a dafa, da jatan lande da ganyaye da shinkafa. Shi kansa shayi ya sha don ya girmama baƙonsa. Teburin na da wani faifan gilashi a tsakiya da ake juyawa abinci ya zo gabanka, kuma duk abin da aka kawo sai ya juya shi ya tsaya gaban Alhaji tukuna. Al'adarsu ce shayin farko ba a sha, da shi ake ɗauraye kofi da kwano a zubar a wata tasa. Kafin in yi magana Alhaji ya shanye nasa. Mista Lin ya yi dariya, shi ma ya ɗauki nasa ya shanye don kada dattijo ya ji kunya. Ya koya masa yadda ake ƙwanƙwasa tebur da yatsa biyu in an zuba maka shayi, madadin godiya. Alhaji ya ce, "Wannan ta yi. Mutum na godiya bakinsa na cin abinci."

Muna cikin haka sai mai wushiryar nan ta gifta da tire. Ta gan ni, fuskarta ta washe, ta ce "lawban", ta yi wata magana da harshensu ta wuce.

Alhaji ya ce, "Ta san ka ne?"

Na ce, "Haka suke yi wa kowane baƙo, Alhaji."

Ba a jima ba ta dawo da dogayen kofuna biyu, ja wur, kowanne da 'yar lemarsa. Ta ajiye ɗaya gabana, ɗaya gaban Alhaji, ta nuna da hannu cewa kyauta ce. Ita alheri ta yi niyya, ta ga mai zuwa kullum ya kawo babansa. Mista Lin ya kalli kofunan, ya kalle ni, ya tambaye ni da guntun Turancinsa ko babu matsala. Hannunsa har ya ɗan ɗaga zai kira ta.

Ina jin katin a ƙirjina. Abin da ake bukata kawai in ciro shi in ajiye a kan tebur. Amma in na ciro za ta yi mamaki, za ta ce ai wannan shi yake sha kullum, Mista Lin zai fahimta, Alhaji kuma ba yaro ba ne, daga fuskokinsu zai karanta komai. Duk wannan ya wuce a kaina cikin lokacin da bai fi na haɗiyar yawu ba. Na ce wa Mista Lin babu matsala.

Alhaji ya cire 'yar lemar yana dubawa ya ce, "Wannan kuma mene ne?"

Na ce, "Zoɓonsu ne."

Ya yi bisimilla ya kurɓa. Ya ɗan tsaya.

"Akwai daɗi. Amma na ji ɗan zafi a maƙogwaro."

Na ce, "Citta ce, Alhaji."

Kifin akwai gishiri, kuma tun safe yake yawo. Ya shanye. Ni na kasa taɓa nawa. Ya dube ni ya ce, "In ba za ka sha ba miƙo, kada a yi almubazzaranci." Da hannuna na ɗora kofin a kan faifan gilashin na juya, ya tafi ya tsaya a gabansa.

Ban taɓa ganin Alhaji da yawan magana irin na yammacin nan ba. Ya yi ta ba Mista Lin labarin yadda suke fatauci da jakuna zuwa Damagaram yana yaro, da Hausa, yana dariya har da tafa hannu, Mista Lin na gyaɗa kai ba ya jin ko kalma. A mota ya dafa kafaɗata ya ce, "Sabi'u, ka iya gari. Hajiya ba ta yi kuskure ba."

Mun iso masauki ana shirin magariba. A matakala ya riƙe ƙarfe sau biyu. Na ce, "Alhaji, ka gaji, yau ka bar Isuhu ya ja." Isuhu ya ji ya ce, "Ni in shiga gaba Baba Elhaji na tsaye? Kana so a yi mini dariya har Maraɗi?" Ko a nan da na ja Alhaji gefe na faɗa masa, da abin ya tsaya tsakanina da shi. Sai na wuce na yi alwala.

Ya yi Fatiha lafiya. Ya kama Sabbi, surar da kowane ɗan makarantar allo ke yi da ka. Aya ta uku ya tsaya. Wani a sahu ya ɗora masa. Ya karɓa, ya yi gaba kaɗan, sai muka ji ya faɗa cikin wata sura daban. Aka sake gyara masa. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wuri guda. Shirun nan ban san tsawonsa ba, ina jin ƙarar injin sanyaya ɗaki na wani yana ɗiga. Da ya tafi ruku'u sai ya yi tangaɗi, ya kai hannu ya dafa bango. Da aka yi sallama bai juyo ba. Mutane suka sulale ɗaya bayan ɗaya, har Isuhu mai barkwanci. Shi yana zaune yana kallon bango.

Da asuba ya ƙi shiga gaba. Ya tsaya a ƙarshen sahu. Da muka koma ɗaki ya zauna a bakin gado ya ce, "Ina da shekara goma sha huɗu na haddace. Ban taɓa tsayawa a Baƙara ba, Sabi'u. Sabbi fa."

Na ce, "Gajiya ce, Alhaji."

Ya girgiza kai. "Haka ya fara wa mahaifina. Da salla ya fara. Kafin shekara biyu ba ya gane 'ya'yansa."

Isuhu ya kira Malam Nafi'u. Ya zo da abin awon jini, ya duba idonsa, ya sa shi ya matse masa yatsu, ya tambaye shi sunayen 'ya'yansa. Ya ce bai ga komai ba, wataƙila tafiya ce da canjin lokaci, amma in an koma gida a ga likita. Da zai tafi ya ce in raka shi. A kan matakala ya tsaya.

"Me ya ci jiya?"

Na lissafa masa, kifi da ganye da shinkafa da shayi.

"Ka nuna katin?"

Na ce, "Na nuna."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Malam Sabi'u, ba don in kama ka nake tambaya ba. Tsohon nan yana ganin kansa ne ya taɓu. In akwai wani dalili, ka gaya masa, zai fi masa duk maganin da zan rubuta."

Na ce, "Wallahi babu."

Na rantse. Wannan ma a rubuta mini shi a cikin laifina.

A jirgin dawowa awa goma sha wani abu muna kafaɗa da kafaɗa. Yana ta motsa baki yana bitar karatu, in ya gama sura sai ya ɗan saki numfashi. Sau da yawa na buɗe baki, sai in tuna auren da ya yi mini, da ɗana mai sunansa, da yadda zai kalle ni, in rufe. Na ce sai mun sauka. Da muka sauka na ce sai ya huta.

Juma'ar farko bayan mun dawo ya tara dattawan layi ya ce ya ajiye limanci. Aka yi ta roƙonsa. Ya ce, "Abin da ya same ni a China ba zan jira ya same ni a nan ba. Ba zan ɓata wa mutane salla ba." Likita ya duba shi ya ce lafiyarsa lau, bai yarda ba. A shago in kasuwa ta lafa sai ya miƙo mini Alƙur'ani ya ce in bi shi. Ya karanta izu guda, wani lokaci biyu, ina bi da yatsa.

In ce, "Alhaji, ko wasali ɗaya ba ka kuskure ba."

Ya ce, "Ran nan ma ai ban san zai zo ba."

Shekara biyu muna haka. Mutumin da muryarsa ke tashin layinmu da asuba ya koma ƙarshen sahu kusa da takalma. Ya daina zuwa saukar karatu in an gayyace shi. Ya rage magana, ya rage ci. Ni tun daga ranar ban ƙara kai giya bakina ba, na kuma ce a riƙa aiken wani China, na fake da ciwon baya. Na ɗauka wannan ya isa tuba. Na je wata unguwa inda ba a san ni ba, na tambayi wani malami, na ce wani abokina ne ya yi kaza. Ya ce wanda ya sha bai sani ba babu komai a kansa. Ya ce, "Amma abokin nan naka, kullum da ya kwana bai faɗa ba sabon zalunci yake yi. Ka gaya masa ya yi sauri." Ya kalle ni yadda Malam Nafi'u ya kalle ni. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakin Alhaji da niyya, sau uku ina ɓigewa da maganar kaya.

Bara da damina ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma a wannan karon kan ya tafi da gaske. Likitoci sun ce hawan jini ne. Ban sani ba ko zullumin shekara biyu na da hannu a ciki, ba kuma wanda zai iya gaya mini. Duk wanda ya zo dubiya Hajiya takan ce masa, "Ai tun a China abin ya fara." Ta kan ƙara da cewa, "Allah dai ya saka wa Sabi'u, shi ya yi ta fama da shi a can."

Watan jiya bayan la'asar na shiga wajensa. Yana kishingiɗe, an jingina shi da filo, Hajiya na tsakar gida tana tankaɗe. Na durƙusa a gaban gadon na faɗa masa komai, tun daga ranar da ruwa ya kore ni cikin otal ɗin. Na ce ba zoɓo ba ne, ba citta ba ce. Na ce, "Alhaji, kanka lafiya lau yake a ranar. Karatunka bai taɓa tafiya ba. Ni ne." Na ciro katin, ya yi laushi ya yi baƙi a gefe, na sa masa a hannun hagu.

Ya juya shi yana kallon rubutun. Ya ce, "Wane ne?"

Na ce, "Sabi'u ne, Alhaji."

"Sabi'u." Sai fuskarsa ta ɗan saki. "Mun je wani gari da kai. Aka ba mu wani jan ruwa mai sanyi, da 'yar lema."

Na ce, "Shi nake gaya maka, Alhaji. Shi ne..."

Ya ce, "Akwai daɗi." Ya ɗora hannun a kaina, katin ya zame ya faɗi ƙasa. "Ka kula da ni a garin mutane. Allah ya yi maka albarka."

Na zauna a wurin har aka kira magariba. Na ji sabon liman ya tayar da salla ta lasifika, na ga leɓen Alhaji na motsi yana binsa.

To ku da kuke tambayata yadda Guangzhou take, ga abin da na sani game da ita. Wanda ya kamata ya ji wannan magana ba zai ƙara jin ta ba, na bari har lokacin ya wuce. Abin da ya rage shi ne 'ya'yansa da mutanen masallacinmu su sani cewa Alhaji Idi bai manta Sabbi ba, kuma shekara biyun da ya yi a ƙarshen sahu ni na tsayar da shi a wurin. Na sa an buga wannan takarda kwafi uku. Ɗaya na majalisa, ɗaya na dattawan masallaci. Ta ukun gobe bayan la'asar zan kai wa Hajiya, kuma tun da ba ta karatun boko, ni zan karanta mata da bakina.